Akwatin Lefe Mai Ciki Biyu

"Haba Gwaggo! Lefe ne fa, ba naman kasuwa ba. Har da shinshinawa?"

Gwaggo Zaratu ko ɗagowa ba ta yi ba. Tun hantsi take durƙushe a falonsu na unguwar Plumstead a Landan, ta zazzage akwatunan da dangin ango Nata'ala suka kawo a ƙurarren lokaci, ko atamfa ɗaya ba ta tsira daga farcenta ba. Shafa'atu na tsaye bakin ƙofa, takaici kamar ya kashe ta. Gwaggo ƙanwar babanta ce, ita ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, amma wallahi wani lokaci halin matar nan kunya yake ba ta.

Jibi Asabar ɗaurin aure, Litinin kuma jirgin Thailand. Wata shida ke nan, tun farkon 1992, tana kwana tana tashi da ɗan littafin hotunan Chiang Mai da angon ya ba ta, har ta haddace shi. Ta san tsohuwar ganuwar birnin ta jan bulo, ta san ƙatuwar hasumiyar da girgizar ƙasa ta cinye wa kai shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Amma Doi Inthanon ne ya tafi da zuciyarta, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mai gandun daji da ruwa na zubowa daga ƙirjinsa. Nata'ala ya ce sau uku yana hawansa idan ya je saro kaya. "Hasken idona, a can sama zan riƙe hannunki, gajimare na ƙarƙashin ƙafarmu."

"Zo nan," in ji Gwaggo, ta jawo ƙaramin shuɗin akwati. "Wannan ne ya ce lallai da shi za ki ƙasar shinkafar?"

"Shi ne. Ya ce ya dace da ni."

"Uhm. Shekara goma sha biyu na yi ina ɗinkin cikin jaka a garin nan, ban taɓa ganin akwatin da wajensa ya fi cikinsa zurfi haka ba. Miƙo min reza."

"Gwaggo don Allah kar ki..."

Ina! Ta riga ta tsarga. Ƙarƙashin ƙyallen sai ga siririn katako, ƙarƙashin katakon kuma rami mai zurfin yatsu huɗu, an shimfiɗe shi da baƙar takarda, yana warin garin kofi.

"Yanzu wayam yake," Gwaggo ta faɗa a hankali. "A dawowa zai cika da hodar iblis, kofin kuma don kar karnukan kwastan su shinshino. Kuma duba sunan wa aka rataya a hannunsa."

Sunanta ne, da rubutunsa mai kyau, har da ɗan zanen zuciya a gefe. Shafa'atu ba yarinya ba ce, tana jin labarin 'yan matan da ake kamawa a filin jirgi, su tsufa a gidan yarin ƙasar da ba su san kowa ba.

Sai ga hon ɗin mota daga ƙasa, sau uku, irin na Nata'ala. Ta dunƙule yankin ƙyallen a hannu ta sauka.

Yana jingine da mota cikin farar shadda, yana murmushi. Turaren nan nasa da take mutuwar so ya doki hancinta, yau sai ta kawar da kai.

"Amaryata! An ga kaya?"

"An gani. Ina shirya na tafiya ne... Me zan saka idan za mu hau Doi Inthanon?"

"Marasa nauyi, my love. Zafi ne a can sama kamar Sakkwato."

Littafin ya ce a ƙolin dutsen har raɓa takan daskare. Sai ta sake gwada shi.

"Hasumiyar da ta rushe fa, tana da nisa da hotel ɗin?"

"Wace hasumiya kuma?"

Ta buɗe hannunta. Ya kalli ƙyallen, murmushin ya zame daga fuskarsa. Abin da ya fi ƙona mata rai, bai ko yi wahalar yi mata ƙarya ba. Waige-waige ya fara, ko wani na jin su.

"Ki rage murya. Sau ɗaya ne kawai, Shafa. Jan fasfon Ingila gare ki, ga lallen amarci, wa zai tsayar da ke? Na riga na yi booking, ba a yin cancel da masu kayan nan. Don mu nake yi!"

"Da an kama ni fa?"

"Ba za a kama ki ba."

"Na ce da an kama ni?"

Ya sosa ƙeya. "To... ai da na nema miki lauya mai kyau."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Wannan ne ta yi wa kuka a gaban Baba, wannan ne ta yi gaba da Gwaggo sati biyu a kansa?

"Tir da kai, Nata'ala! Allah ya isa tsakanina da kai. Ka turo a kwashe muku tsiyarku kafin la'asar."

Ba ta tsaya jin kiran da yake mata ba. Tana shiga ta buga wa Baba waya a shagonsa na Peckham, ta ce a fasa auren, Gwaggo za ta yi masa bayani. Daga nan ta wuce kicin ta buɗe famfo, ta ɗauki soson tukunya ta hau dirzar lallen da aka yi mata jiya, har fatar ta soma jini.

Gwaggo ta zo ta kama hannayen biyu ta riƙe gam.

"Bari, uwata. Ba ya fita da soso, da kansa zai tafi."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a kafaɗar tsohuwar.

"Gwaggo, har yanzu fa ina son sa... Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan."