Muciyar Marigayi

Geum-rye mai alewar shinkafa ce ta kira ofishin 'yan sanda: tulunan shinkafar da ta jiƙa da tsiron sha'ir don ta yi zaƙi sun lalace kaf, ba zaƙi ko ɗis. Sana'ar hunturun bana ta tafi ke nan.

Sufeto Bang ya tarar da taga a buɗe, mijinta Chun-bae kuma yana ta sababi. Mai gaskiya ba ya buƙatar murya haka.

"Man-sik ne, ranka ya daɗe, ƙanen mijinta na fari. Shi ya buɗe taga kafin shi da ita su tafi kabarin wansa da safe, sanyi ya kashe tsiron. A kama shi!"

"Kai kana ina?"

"Kasuwa."

Man-sik ya rantse bai shiga ɗakin ba.

Sufeto ya ɗebi kwano guda na jiƙon, ya sa aka ɗumama shi a hankali, ya zauna jira. Shekaru ya yi yana kallon marigayiya matarsa tana wannan aiki, a lokacin da yake ganin ba abin kallo ba ne. Ya ɗanɗana. Salam.

"Sanyi barci yake sa tsiro, da ya ji ɗumi sai ya farka," in ji shi. "Zafi ne ke kashe shi har abada. Inna, yaya kika bar wutar da ke ɗumama ɗakin ta ƙarƙashin daɓe?"

"Garwashi kawai. Tun ina budurwa nake wannan aiki, ɗan nan."

Ya janye tulu ɗaya. Takardar da aka shimfiɗa a daɓen ta babbake.

Ya zagaya wurin murhun da ke bayan ɗaki, inda ake hura wutar daɓen, ya tona toka, ya zaro zoben ƙarfe.

Geum-rye ta dafe ƙirji. "Na muciyar marigayi mijina Yeong-dal ne! Da hannunsa ya sassaƙa ta."

Sufeto ya dubi Chun-bae. "A kasuwar ce girarka ta ƙone, maigida?"

Chun-bae ya shafa goshi, ya zauna daɓas.

"Kullum sai ta shafa mata mai. Hira take yi da ita! Ni ko 'sannu da zuwa' sai na roƙa. Na jefa ta a murhu, ta ƙi cin wuta, na yi ta ƙara itace. Da na ji ɗakin ya yi zafi, na buɗe taga."

"Ka kuma liƙa wa Man-sik."

Aka tasa ƙeyar Chun-bae zuwa mota. A bakin ƙofa ya waiwayo, ko za ta dube shi.

Tana durƙushe, tana goge zoben da bakin zanenta.