Hannun da Ke Kafaɗar Haulatu

Haulatu na tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, mahaifiyarta Rahama na hura gawayi, sai aka turo ƙofar gidan ba sallama. Hajiya Zuliha ce, gwaggon Usaid, malamin firamaren da ke neman auren Haulatu. Saura mako biyu danginsa su zo daga Ɗanzomo a sa rana.

"Sannu da zuwa Hajiya, ga tabarma," in ji Rahama.

"Riƙe tabarmarki, ba zama ya kawo ni ba. Ina mai hoton?"

Malam Ɗantala, mahaifin Haulatu, ya fito daga ɗaki yana gyara hula. Shekara arba'in ke nan yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago kusa da tashar Gumel, kuma har yau da kyamarar fim ɗin da ya fara sana'a da ita yake aiki. Tsohuwar hannu ya saye ta, yanzu ƙyaure na bayanta sai da roba yake rufuwa, madanninta kuma yakan maƙale in an yi sanyi. Kowa a gari ya san abin da yake faɗa a kanta: waya tana yi wa mutum ƙarya, wannan kuwa abin da ta gani shi take bayarwa.

Wannan maganar ce ta jawo komai. Iya, mahaifiyar Usaid, ba ta taɓa ganin Haulatu ba, ciwon ƙafa ya hana ta shiga mota. Da ɗanta ya nuna mata hoton yarinyar a waya sai ta ture, ta ce waya na shafa wa mutane farin da ba nasu ba, ita na kati take so, na Ɗantala. Ɗantala ya zaunar da 'yarsa a shago ya ɗauke ta, ya ba Cindo direba fim ɗin ya kai Kano wanki, ya ce in an wanke ya wuce da hoton ƙarshe, wato nata, kai tsaye Ɗanzomo. Ba wanda ya buɗe ambulan a Gumel.

Hajiya Zuliha ta zaro katin daga jaka da yatsu biyu ta sake shi a kan faifan shinkafar.

Haulatu ce zaune a kujera cikin atamfarta mai ruwan toka, bayanta baƙin labulen shago. A gefenta wani mutum ne tsaye da farar riga da rawani, yana murmushi, ya ɗora hannunsa a kafaɗarta.

"Wane ne wannan?" in ji Haulatu. "Baba, ai mu biyu ne kawai a shagon."

"Ji ta," in ji Hajiya. "Har da tambaya. Ke da aka dafa ba ki san wanda ya dafa ki ba, mu za mu sani?"

Ɗantala ya ɗauki katin ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wannan wani falke ne. A kasuwar Maigatari na ɗauke shi ranar Alhamis, da wani baƙin bijiminsa, ya dafa tozonsa. Ɗan hannun da ke jan fim gaba ne ya zame, hoto biyu suka hau gurbi ɗaya. Baƙin abu ba ya kama fim, shi ya sa bijimin ya ɓace, ita ta zauna a wurinsa. In zafi ya yi yawa takan yi haka."

Hajiya ta yi dariya ta hanci.

"Shekara arba'in kana cika wa mutane kunne cewa wannan gwangwanin ba ya ƙarya. Yau da abin ya zo kan 'yarka sai ya koyi ƙarya? Ni za ka gaya wa aikinka? Ni da ka ƙona mini hoton aurena, na sake ɗaura kaya na zo na zauna maka karo na biyu? Tun farko na ce wa Usaid, duk gidajen mutunci da ke Gumel, sai gidan da ake tsayar da mata ana ce musu su yi murmushi. Saƙon Iya ke nan: a dakata da sa rana."

Ta karɓe katin ta fita, ta bar ƙofar a buɗe.

Haulatu ba ta yi kuka a gabanta ba. Sai da ta gama tsince shinkafar ta wanke, sannan ta shiga ɗaki ta kifa fuska a filo.

Bayan la'asar Usaid ya zo a babur, suka tsaya a zaure.

"Kai ma ka zo tambayata wane ne?"

"Haba Haulatu. Na zo in ce miki sori ne. Ni kallo ɗaya na yi na gane. Kin lura da wani farin abu mai tsini da ya fito daga ɗankwalinki? Ƙahon bijimi ne. Kuma ana hango ninkin labule ta cikin ƙirjin mutumin."

"Ka nuna wa Iya?"

"Na nuna. Gwaggo ta ce jelar ɗauri ce, irin ta 'yan matan zamani. Da na ce mata ko a waya ana yin irin wannan editin, sai ta ce ai shi ya sa aka ce a kawo na fim." Ya shafa kai. "Kin san tun rasuwar Baba ita ce babba a ɗakinsu. Iya ba ta tsallake maganarta."

"To ka bi maganar mahaifiyarka."

"Zan bi. Amma ba zan fasa ba."

Ranar Alhamis ya tafi Maigatari, ya zagaye kasuwar shanu yana tambayar falke mai baƙin bijimi. Dillalai suka ce mutumin Damagaram ne, ya sayar ya tsallaka iyaka, ba wanda ya san sunansa. Ɗantala kuma ya sa sabon fim, ya shanya kyamarar a rana har ta yi zafi, ya yi ta ɗaukar Rahama da akuyar maƙwabta bi da bi, da nufin ta sake kuskuren a gani. Cindo ya kai Kano ya dawo da hoto talatin da shida, kowanne tsaf, akuya daban, Rahama daban. Da labarin ya kai kunnen Hajiya Zuliha sai ta ce, "Ashe har kyamarar ta fi mai ita gaskiya."

A kwanakin nan Haulatu ta daina zuwa islamiyya, don matan layin sun fara yin shiru in ta wuce. Wata ma ta tambaye ta ko Alhajin na Maigatari yana da ƙani.

Saura kwana biyu ranar da aka shirya zuwan dangin Usaid, da safe, ta tarar da mahaifinta a shago yana goge gilashin kyamarar. A ƙarƙashin teburinsa akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanda tun tana ƙarama aka hana su taɓawa.

"Baba, ka ce takan yi haka. Ke nan akwai wasu. Ka ba ni ɗaya kawai in kai wa Iya."

"Akwai. Amma fuskokin mutane ne, Haulatu. Ba na ƙona su, ba na kuma nuna su. Duk wanda hotonsa ya lalace haka, nakan ce masa fim ya ƙone, in sake ɗaukarsa."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan hijabinta. "Shi ke nan Baba. Allah ya zaɓa mafi alheri."

Ta juya za ta fita, ya ce ta tsaya. Ya ciro makulli daga aljihu, ya daɗe yana bincike cikin ambulan-ambulan masu ƙura, ya zaro ɗaya.

"Wannan mai shi ce ta jawo wa kanta. Na ba ki, ki yi yadda kika ga ya dace."

Hoton ya yi ja-ja saboda shekaru. Wata amarya ce siririya, ta sha lalle da murjani, tana zaune a kan wannan kujerar ta shago. A jikinta wani ƙato ne ɗan dambe, ba riga, daga shi sai warki da layu, ya rataya naɗaɗɗen hannunsa a wuyanta. A bayan katin an rubuta da biro: Zuliha, amaryar Akawu.

Da Rahama ta gani a gida sai ta ɗauko mayafi.

"Ba ni nan. Yau sai Ɗanzomo. Gida gida zan bi da shi, har wurin masu dakan gero."

"Inna, in mun yi haka me ya raba mu da ita? Mijinta na raye, tana da surukai."

"Ke ta duba miki wannan?"

"Ba ta duba ba. Amma Baba ya duba mata shekara talatin. Ba ni zan ɓata masa ba."

Ita kaɗai ta hau keke napep zuwa gidan Hajiya Zuliha. Ta yi sallama sau uku kafin a amsa. Hajiya na kishingiɗe a falo da baƙi mata biyu.

"A'a, ga amaryar falke. An zo roƙo ne? Uban naki bai iya zuwa da kansa ba?"

Haulatu ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. "Saƙo ne, Gwaggo. Amma na ku kaɗai ne."

"Wa ya zama gwaggonki? Faɗi a nan, ba ni da abin ɓoyewa."

"Ku yi haƙuri, zan jira."

Ta jira a durƙushe har baƙin suka ji nauyi suka yi sallama. Sannan ta miƙa ambulan da hannu biyu.

Hajiya ta zaro katin tana taɓe baki. Bakin ya tsaya a yadda yake. Ta laluba tabarau ta saka, ta juya bayan katin, ta sake juyowa.

"Ban taɓa ganin wannan mutumin ba. Wallahi ban taɓa—"

"Na sani, Gwaggo. Ni ma ban taɓa ganin nawa ba."

Hajiya ta tuna surukarta ta lokacin, macen da ta taɓa korar matar ɗanta gida don ta leƙa ta katanga. Ta tuna kuma abin da ta faɗa wa Ɗantala a bakin shagonsa a wancan ranar, gaban 'yan tasha, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri.

"Wa ya gani?"

"Baba, da Inna, da ni. Ga fim ɗinsa nan a ciki, babu wani kwafi. Naku ne."

"Me kike so in yi?"

"Ba komai. Na kawo muku kayanku ne."

Ta miƙe ta yi sallama ta fita, ba ta waiwaya ba.

Washegari Cindo ya ɗauki Hajiya Zuliha a motar farko zuwa Ɗanzomo. Abin da ta faɗa wa Iya ba wanda ya ji, sai dai Usaid da ya shiga gaisuwa ya tarar da ita ta sa yatsa a kan hoton Haulatu tana cewa, "Ke ma dai Iya, ba ki ga ƙaho ba ne? Ga shi nan ƙuru-ƙuru."

Ranar Juma'a bayan masallaci maza suka zo da goro da alewa, aka sa rana. Hajiya ta shigo cikin gida, wannan karon da sallama, ta kuma zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata. Ba ta nemi gafara da baki ba, ba halinta ba ne. Da Ɗantala ya zo wucewa dai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Malam Ɗantala, ranar biki kai za ka ɗauke mu."

"To Hajiya. Sai dai kar ki zauna kusa da inda aka ɗaure bijimi."

Rahama ta toshe baki da mayafi. Haulatu na bayan labule, ta ji, ta share ido.

'Yan mata da iyayensu, abin lura a nan kaɗan ne. Ido yakan ga abin da bai faru ba, kati ma yakan nuna shi, don haka a tambaya kafin a yanke wa 'yar mutane hukunci. Wanda kuma asirin mai raina shi ya faɗo hannunsa, ya rufe. Haulatu ta yi haƙuri, ta riƙe abin da zai kunyata Hajiya ta mayar mata da shi a ɓoye, kuma da wannan ta samu mijinta da mutuncinta gaba ɗaya.

Hoton nan yana rataye a ɗakin Iya har yau. Ta ƙi a canza mata shi. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce ta matso ta nemo mata ƙahon.