Ƙafar Tebur

Ranar da ya fara ganinta, da musu suka soma. Malaman makarantar sun taru a laburare don zaɓen littattafan da za su shiga kabad ɗin gilashi, waɗanda dole kowane ɗalibi ya karanta kafin ya gama. Ita sabuwar malama ce. Ta ɗaga wani ɗan littafin soyayya mai yagaggen bango, wanda marubuciyarsa ta ɓoye sunanta.

"Wannan ma ya cancanta," ta ce.

Shi kuwa, malamin adabi, sarkin ji da kai, ya kwashe da dariya. "Haba Malama! Wannan ai hirar 'yan mata ce." Ya karɓa, ya sunkuya ya tokare ƙafar teburin da ke ta rawa da shi. "Kin ga, ya samu aikin yi."

Kowa ya dara, ban da ita. Bayan an watse ta zaro littafin ta kaɗe, ta sa a jaka.

Tun daga ranar take ce masa Alƙali, shi kuma ya ce mata Lauya. Musu ya koma hira, hira ta koma so. Kullum sai ta ce, "Alƙalina, ka dai karanta littafin nan." Shi kuma ya ce, "Lauyata, idanunki sun ishe ni karatu."

Ranar da ya je gaida mahaifiyarta, Umma ta tambaye shi me ya haɗa su. Wayyo, da ya yi shiru! Sai bawan Allah ya gyara zama, ya kawo labarin teburin har da kwaikwayon sunkuyon. Lauya tana bakin ƙofa tana girgiza masa kai, bai ko lura ba.

Umma ta shiga ɗaki ta fito da littafin, ga shatin ƙafar tebur a bangonsa.

"Ni na rubuta shi, shekarar da mahaifinta ya rasu. Na hana ta faɗa wa kowa. Ka karanta?"

"A'a, Umma."

"To, mai yanke hukunci bai buɗe ba, ban ga yadda zan ba shi 'yata ba."

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ko takalminsa a karkace ya sa. A makaranta kuwa ya daina bi ta ƙofar ajinta.

Ita ce ta turo masa saƙo: "Alƙali, gudu ba zai gyara ba. Na ajiye maka littafin a kan teburin nan. A kai, ba a ƙasa ba."

Ya amsa: "Lauyata, wallahi kunyarki nake ji. Ban isa in haɗa ido da ke ba."

Ya karanta. Inda matar cikin labarin ke zuba abinci kwano biyu, ta manta mijin ba ya duniya, nan ya ajiye littafin ya share hawaye. A taro na gaba ya miƙe gaban waɗanda suka taya shi dariya, ya ce a sa littafin a kabad, kuma shi ne zai koyar da shi.

Ya koma wurin Umma, kansa a sunkuye.

"Ina ne bai yi maka ba?" ta tambaya.

Ya ɗago kai. "Babin ƙarshe, Umma. Kin yi sauri."

Lauya ta dafe ƙirji. Umma kuwa sai murmushi. "Lallai ka karanta. Kuka ne ya hana ni tsayawa. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, ango ya durƙusa gaban Umma, ta miƙa masa littafin nan mai shati.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ta ce. "In kuma teburinku ya yi rawa, ɗana, a kira kafinta."