Wa Ya Aike Ki Sa Hannu?

Malama na tsaye a falo tana gugar kayan da za ta sa gobe zuwa makaranta, wayarta ta hau ruri a kan kujera. Ta san ba mijinta ba ne, don Auta ya daina kiran la'asar tun watan jiya. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Ta jingine dutsen guga ta ɗauka.

"Madam, mu ne dai, daga kamfanin karɓar bashi. Yau ma shiru muka ji." Muryar namiji ce, mai laushi kamar ta mai tallan turare.

"Na gaya muku akwai kuskure a lissafin nan. Ina jiran asibiti su gyara."

"Mu ba ruwanmu da asibiti, Madam. Sun miƙo mana, sunanki ne a sama, hannunki ne a ƙasa. Ko mu leƙo gidan ne mu ga abin da zai ɗauku?"

Ta dubi falon. Kujeru ne, sai ƙaramin firiji, sai talabijin ɗin da ta daina kunnawa don ba abokin kallo. Ta kashe wayar ta zauna, ta rasa wanda za ta gaya wa.

Abin ya faro ne wata ranar Asabar. Auta mai walda ne a wani kamfanin gine-gine mai nisa, sai ƙarshen wata yake zuwa gida, don haka Baba, mahaifinsa, ya kan leƙo ya duba ta. Tsohon direban bas ne, ba ya rabo da zolaya.

"'Yata, na zo in ga ko yaron nan ya bar miki abin sawa a baka, ko soyayya kuke dafawa!"

Tana dariya ta kawo masa ruwa. Bai kai kofin baki ba ya suɓuce masa. Bakinsa ya karkace, ya sulale daga kujera.

"Baba! Baba! Innalillahi!"

Ta kira Auta, wayarsa a kashe, yana bakin aiki. Ta kira Yaya Babba, wan mijinta, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Maƙwabci ne ya kinkimi Baba zuwa mota, suka nufi asibitin da ya fi kusa, wanda ya kasance na kuɗi ne. A ƙofar emajensi nas ta turo gado, akawu ya turo takarda.

"Wa zai tsaya masa?"

Ta dubi Baba, numfashinsa na fita da ƙyar. Ta karɓi biro.

Baba ya rayu. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake yi. Amma ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, harshensa ya yi nauyi, ba mai gane abin da yake faɗa. Bayan an sallame shi sai ga bil, kuɗin da ko albashinta na shekara aka haɗa da na Auta ba zai rufe ba. Aka taru a falon Umma, uwar mijinta.

"Wa ya aike ki?" in ji Yaya Babba, yana kaɗa makullin motarsa. "Ga asibitin gwamnati, kika kwashe shi kika kai inda ake yanka mutum ba wuƙa! Don ki nuna mana ke 'yar boko ce?"

"Yaya, na kira ka fa..."

"Ina mitin! Ba za ki iya jira ba?"

Umma ta ja tsaki. "Ni abin da ke ɗaure mini kai ma, lafiya lau mutum ya fita daga gidan nan. Me aka ba shi a can?"

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta juya ga Auta, wanda ya zo a gurguje don zaman. Kansa na ƙasa. Shi ne ƙarami a gidan, kuma Yaya Babba ne ya biya masa kuɗin koyon walda, har yau ba ya iya haɗa ido da shi.

"To, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa," Yaya Babba ya rufe zancen. "Kai kuma Auta, ko sisi kar ka saka. Kana sakawa sun kama ka."

A hanyar komawa gida Auta ya riƙo hannunta. "Ki yi haƙuri, plis. Zan shawo kansa a hankali."

Bai shawo ba. Washegari ya koma bakin aiki, ya bar ta da takardar.

Da ta zauna ta karanta bil ɗin da kyau, sai ta ga an caji Baba kwanakin ɗakin kulawa ta musamman har da waɗanda ya yi a ɗakin kowa da kowa, ga kuma wani hoton ƙwaƙwalwa da aka rubuta sau biyu. Ta fara sintiri. Ana tashi daga makaranta sai ta hau bas zuwa asibiti, ta zauna a bencin ƙarfe gaban ofishin kuɗi. Wannan taga ta tura ta waccan, waccan ta ce oga ba ya nan. Kowa a layin da ɗan rakiyarsa, mata na jingina da kafaɗar mazajensu, ita kuwa sai jakarta a cinya. Ran da ta samu ganin ogan, cewa ya yi fayil ɗin ya riga ya bar hannunsu, amma ta rubuta ƙorafi. Ta rubuta, ta kai, aka buga hatimi, aka ce ta jira.

Masu karɓar bashi ba su jira ba. Da safe su kira, da rana su turo saƙo. Wata rana tana koya wa 'yan ajinta waƙar ƙirga, shugabar makaranta ta aiko a kira ta.

"Malama, wasu mutane sun bugo ofis suna tambayar nawa muke biyan ki. Ba na son irin wannan a makarantata. Ki kashe wutarki a gida."

Ta shiga banɗakin malamai ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Iyayenta sun tsufa, mahaifiyarta na fama da hawan jini, ba ta yarda sun ji ba. Ƙawayenta kuwa, tun da suka ji kalmar bashi suka rage ɗaukar waya.

Duk da haka ba ta fasa zuwa gaida Baba ran Asabar ba. Umma ba ta amsa gaisuwarta sai da hanci. Takan wuce ɗakinsa, ta yanke masa farce, ta motsa masa hannun da ya mutu yadda likita ya nuna. Shi kuma ya yi ta kallon ta, yana ƙoƙarin magana, hawaye na bin gefen fuskarsa.

Sai ga kiran Auta wata Lahadi, muryarsa a daƙile.

"Yaya ya ce... ya ce ko za ki ɗan koma gidanku tukuna. Kafin ƙurar ta lafa. Wai idan suka zo suka ga ba ki nan, ba za su taɓa kayanmu ba."

Ta janyo kujera ta zauna, shi kuma ya ce, "Kina ji na?"

"Ina jin ka. Yaya ya ce, Umma ta ce. Kai me ka ce?"

"Ki gane mana..."

"Auta, mahaifinka na ɗauka daga ƙasa, ba jakar sata ba. In saki ne, ka faɗa da bakinka. In ba shi ba ne, ina ɗakina."

Ya kashe wayar. Daga ranar ba kira, ba saƙo, ƙarshen wata ya zo bai zo ba. Malama ta ɗauki yaran maƙwabta lesin da yamma, abin da ta samu ta riƙa kai wa asibiti a kan ɓangaren da ta yarda an yi wa Baba, tana karɓar rasit. Ta rame har zobenta na juyawa a yatsa. Ta kan dafa abinci ta zuba faranti ɗaya, ta ci a tsaye a kicin, don teburin ya yi mata girma.

Wata Talata da hantsi, ranar da ba makaranta, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce a ranta shi ke nan, sun zo kwasar kaya. Ta buɗe a hankali.

Auta ne. Hannunsa na dama naɗe da bandeji har gwiwa, an rataye shi a wuya.

"Subhanallahi! Me ya same ka?"

Bai shiga ba. A nan bakin ƙofa ya durƙusa.

"Ƙarfe ne ya faɗo mini. Abokan aiki suka kai ni emajensi, jini kamar an kwance famfo. Ina kwance ina ji akawu ya ce, wa zai tsaya masa? Wallahi mutanen da muke ci a kwano ɗaya, kowa ya hau kallon takalminsa! Wannan ya ce a jira manaja, wancan ya ce shi yana da iyali. Ina ganin fitilar silin tana dusashewa, ina cewa a raina, ashe haka ake mutuwa, ana neman mai biro." Ya share hawaye da hannun hagu. "Wani lebura ne, ko gaisawar kirki ba ma yi, ya ce a ba shi biron. Da na farfaɗo ba kowa na tuna ba sai ke. Ke kaɗai a wurin nan, ba wanda ya ɗauki wayarki, kika sa hannu. Ni kuma na ce ki tafi gidanku."

Malama ta so ta yi magana, kukan da ta daɗe tana yi wa famfo ya ƙwace mata. Ya daɗe a durƙushe kafin ta ce, "Tashi ka shigo, maƙwabta na kallo."

A ranar ya ja ta zuwa gidan Umma, ya ce a fito da Baba falo a kekensa. Yaya Babba ya iso yana huci.

"Wato ita ta zuga ka ko?"

"Ba wanda ya zuga ni, Yaya. Gani ya kori ji." Karon farko ke nan da ya dube shi ido cikin ido. "Ka yi mini komai a rayuwa, ba zan manta ba. Amma uban nan namu ne, ba nata ba. In za ka sa hannu, bismilla. In ba za ka sa ba, ni da matata za mu biya, ko shekara nawa za mu yi. Kuma kada wanda ya sake tambayar me aka ba Baba a gidana!"

Sai Baba ya fara bubbuga hannun kekensa da hannunsa mai lafiya. Ya nuna Malama, ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, har kalmar ta fito.

"'Ya...ta."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, cikin ƙaramar murya, "Zo nan, yarinyar nan. Haka kika rame?" Yaya Babba ya tashi ya fita. Sai da aka kwana biyu ya aiko da rabonsa, ba tare da ya zo da kansa ba. Malama ta ce hakan ma ya isa.

Da suka koma asibiti su biyu, ƙorafin da ta rubuta ya riga ya isa gaban kwamiti. Aka duba, aka tarar gaskiyarta ce: aka cire kwanakin da aka ƙara da hoton da aka maimaita, aka janye fayil ɗin daga hannun masu karɓar bashi, sauran kuma aka yarda su riƙa biya wata-wata. Auta ya nemi canjin aiki zuwa kusa da gida, duk da albashin bai kai na da ba.

Da suka fito daga ofishin, ta tsaya ta kalli wata mata da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, ta ƙanƙame takarda, idonta ya yi ja. Malama ta saki hannun mijinta ta je ta zauna kusa da ita.

"'Yar'uwa, kawo in gani. Kada ki biya abin da ba ki gane ba, kuma kada ki ji kunya. Wa kika kawo?"

Haka rayuwa take. Alheri kan zo wa mai shi da ɗaci kafin zaƙinsa ya fito, kuma wanda ya yi don Allah ba ya taɓewa, ko da duniya ta juya masa baya na ɗan lokaci. Namiji kuwa ya sani, biyayya ga manya ba ta nufin barin matarsa ita kaɗai a rana. Bashin asibiti da kuɗi ake biyan sa, amma wanda ya tsaya wa naka ranar da kowa ya noƙe, bashinsa ba ya biyuwa sai da riƙon amana.