Baƙin Mai a Gindin Tsamiya

Rana ta yi ja a Tambuwal, kaji sun fara neman makwanci, lokacin da Dikko direba ya shige ƙarƙashin motarsa a ƙofar gida. Makanike ya faɗa masa injin irin na yanzu ne: ƙarfin mai ke sauya lokacin da bawul, ƙofar iskar injin, ke buɗewa da rufewa, a hankali ya shaƙi iska kaɗan, in an taka wuta ya shaƙa da yawa. In mai ya yi dauɗa, numfashin ya rikice. Shi ya sa da dawowarsa daga Kebbe ya juye baƙin man da zafinsa, ya kwarara a gindin tsamiya. Ko bisimilla bai yi ba.

Uwarsa Inno tana bakin zaure, ta gani. Kafin ta buɗe baki dutse ya faɗo bisa kwanon rufi. Wani ya biyo. Sai shiru. Sai injin ya tashi, makulli kuwa yana aljihun Dikko.

Cikin gida ɗiyarsa Hindatu ta yanke jiki ta faɗi. In injin ya lafa, numfashinta ya lafa har a ce ta tafi. In ya yi gurnani, ƙirjinta ya kama bugu.

Aka ɗauko Malam Na'iya daga Sanyinna. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya motsa da muryar tsoho.

"Kun ƙone mini ɗa. Ku bar gidan ga, ko in riƙe numfashinta."

Dikko ya ce, "Mun bari, wallahi mun..."

"Rufa mini baki!" in ji Inno. Ta durƙusa saitin fuskar jikarta. "Kai, tsamiyar ga ni na dasa ta. Kai ka iske ni. Laifi namu na, ba ni musu. Ni ka kwashe ƙasar da man ya ɓata da hannuna. Amma ko taki ɗaya ba mu gusawa."

"Tsohuwa, ba ki tsorona?"

"Allah nika tsoro."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Mai muryar ya yi ƙara, ya ce a kwashe, a zuba sabon rairayi, sannan zai tafi.

Inno ta ɗauki fartanya da kwando ta fita. Dikko ya miƙa hannu zai karɓa, ta buge hannun. Tana cika kwando na ƙarshe injin ya mutu. Ta tsaya cak, ta kasa kunne.

Daga ɗaki Hindatu ta yi atishawa, ta kira sunan Inno.