Ranar Hutun Tanka

Warinsa ne ya riga shi shiga ɗakin. Auta, ma'aikaciyar gashin ƙashi, tana gyara zanin gado sai wani tsami ya daki hancinta. Ta juyo ta ga ƙaton saurayi ya cika ƙofa, ya dafe kafaɗa, jaka a rataye.

"Sannu, Likita. Kafaɗata ce ta ƙi ɗaguwa."

"Fitar da jakar nan tukuna. Mushe ka ɗauko a ciki?"

Ya sosa ƙeya. Wani jan tawul ne a ciki da ya daɗe bai ga sabulu ba, sai gorar da yake kaɗa ɗanyen ƙwai da madara. Gyaran waya ce sana'arsa, amma a gidan ɗaga ƙarfe Tanka ake kiransa. Sai da ta sa takunkumi da safar hannu ta yarda ta taɓa shi.

"Yaushe rabonka da hutu?"

"Kocinmu ya ce hutu na raggwaye ne."

"Ya faɗi son ransa. Ƙarfe yayyaga tsoka yake yi, ranar hutu take ɗinkewa ta ƙara ƙwari. Kai kullum yaga kake, babu ɗinki."

Tanka ya tsaya kallon idanunta a saman takunkumin. Ko cewa ta yi ya daina cin abinci, da ya amsa.

Da ya koma karo na gaba ya roƙi lambarta, wai don neman shawara. Washegari saƙo ya shigo: "Likitata, yau na huta. Na wanke gora, na jefar da jan tawul. Zuciyata ce kawai ta ƙi hutawa."

Ta amsa: "Allah ya shirye ka. Jakar ma a ƙona ta." Ta kife wayar tana murmushi.

Tun tana yatsina fuska har ta fara jiran ranakun hutunsa, don a ranakun yake zuwa raka ta gida, fes da shi.

Ranar da zai gaida Abbanta ce aka samu matsala. Kwana ɗaya kafin nan ya yi atisayen ƙafa, cinyoyinsa sun sandare. Ya zo durƙusawa sai ya zube a kan kafet kamar buhu, warin man zafi ya gauraye falon. Umma ta tashi ta ɗauko turaren ɗaki tana fesawa.

Bayan fitarsa Abba ya ce, "Auta, duk mazan duniya ki rasa wa za ki kawo mini sai gardin da ko gaisuwa ta gagare shi? Ban yarda ba."

Shi kuwa Koci, tun da ya raka Tanka asibiti ya ga Auta, ya ƙirƙiro ciwon baya yana zarya wajenta, har ya samu lambarta. Ana cikin wannan damuwa ya turo mata bidiyon Tanka yana nishi a ƙarƙashin ƙarfe, ya rubuta: "Ga mai hutunki nan yau."

Ranar hutunsa ce, da safe ma Tanka ya rantse mata yana gida. Ta rubuta masa: "Ƙazanta na jure, ƙarya ba zan jure ba. Kada ka sake kirana."

Tanka ya kira har ya gaji. Baƙin ciki ya mayar da shi gidan ƙarfe safe da yamma, Koci na tsaye a kansa yana "Ƙara! Mace ce za ta sa ka zauna?" Tanka yana amai a bokiti yana komawa. Da fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, hannuwansa suka kumbura, yayarsa ta kai shi asibiti. Likitoci suka ce tsokarsa ce ta lalace tana neman toshe masa ƙoda.

Yayar ta nemi Auta. "Ƙanwata, me ya yi miki?"

Auta ta nuna mata bidiyon. Suna kallo ta ga abin da fushi ya hana ta gani: jan tawul ɗin da ya jefar tuntuni a wuyansa. Tsohon bidiyo ne. Ta kira Koci nan take.

"Na taɓa gyambo mai ruɓa da hannuna, amma ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar halinka ba. Tir."

Ta tarar da Tanka ana masa ƙarin ruwa, robar fitsari a gefen gado, ya rame.

"Zumata, wallahi ban yi miki ƙarya ba."

"Na sani, Babbana. Ka yafe mini. Amma don na yi fushi sai ka kashe mini kanka?"

Amai ya taso masa, ta tara kwano ta riƙe masa goshi. A haka Abba da Umma, da suka biyo ta, suka same su.

Abba ya ce wa Umma a hankali, "Yarinyar da ko a kofina ba ta shan ruwa?" Ya matso bakin gadon. "Yaro, ka warke, ka koyi zama wuri ɗaya. Sannan ka turo manyanka."

Ƙodar ta warware. Tanka ya bar wajen Koci, ya koma atisaye a hankali, yau aiki gobe hutu. Bayan wasu watanni aka ɗaura aure.

A wajen liyafa Abba ya karɓi abin magana. "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ubansu."

Zauren ya ɗauki amin da dariya, muryar ango ta fi ta kowa ƙarfi.