Jan Fenti a Bakin Kwari

Ni na riga kowa ganin addar nan!

Tun tana ɓoye cikin rigar Nuruddeen na hango ta. Bilkis kuwa tana durƙushe a bakin kwarin unguwarmu ta Tudun Wada, riƙe da tef ɗin awo, tana dariya, ba ta san mutuwa na tafe ta bayanta ba.

Ni ne Baffa Abdullahi. Ban yi boko ba, amma kwarin nan gidana biyu ya ci, ruwa ya taɓa tafiya da ni ya gaji ya tofar. Idon da ya ga wannan ba a ɓoye masa adda.

Su Bilkis 'yan ajin ƙarshe ne a sakandare. Malamarsu ta Jogirafi, wato labarin ƙasa, Malama Lois, ita ke kawo su auna yadda kwari ke cin ƙasa da damina. Bilkis ta riƙe tef, ɗan ajinsu Mudathir ya ɗiga jan fenti a jikin katanga, don in sun dawo su ga inda zaizaya ta kai.

Ina kan bencina nake jin su.

"Ja tef ɗin mana, hasken idona."

"Kai dai ka iya baki... Mita nawa?"

"Daga nan zuwa zuciyarki? Ko taku babu."

"Mudas, ka bari! Malama na kallo fa!"

Uban Bilkis, Alhaji Inuwa, mai hatsi a Babbar Kasuwa, ya riga ya rantse Mudathir, ɗan mai facin taya daga ƙauyen Kwadon, ba zai tsaya masa a ƙofar gida ba. Nuruddeen kuma maƙwabcinsu ne, ya ce yana so ta ce ba ta yi. Shi ya bi gida-gida yana cewa jan fentin nan na rusau ne, gwamnati ta turo yara su yi wa gidaje shaida. A garin nan wa ya taɓa ganin jan fenti a katangarsa ya yi barci?

Ranar sai ga samari sun keto lungu da gora da duwatsu.

"Ga shi can! Mai fentin!"

Malama Lois ta ɗaga hannuwa. "Darasi ne! Don Allah ku tsaya, ɗalibai ne!"

Dutse ya fasa mata leɓe.

Yara suka watse. Gora ta sauka a ƙeyar Mudathir, ya kife, fenti ya malale a kansa har ba ka rarrabe shi da jini. Suka rufe shi da duka.

Bilkis ba ta gudu ba.

Ta kutsa cikinsu ta faɗa a kansa, hijabinta ya rufe shi ruf.

"Ku fara da ni! Wallahi sai dai ku fara da ni!"

"Tashi, Bilkis!" in ji Nuruddeen.

"Ba zan tashi ba! Ka san ƙarya ka yi musu... ka sani!"

Ya zaro addar. Shi zai sara ko ita, Allah ya bar wa kansa sani. Mudathir da ke ƙasa ya miƙo hannun hagu ta saman kanta ya tare.

Yatsu biyu suka faɗi a turɓaya.

"Mudaaas!"

Nuruddeen ya sake ɗaga addar. To, nan ya haɗu da ni. Bencina na sunkuta na maka masa a ƙirji. Addar ta shafe ni a goshi, ban ko ƙifta ba. Na danne shi na take wuyan hannunsa, na juya ga sauran jini na bin gemuna.

"Ku 'ya'yan wa? Kai, ba ni na yi wa ubanka sakiya a ƙafa ba? Rusau ɗin da 'yan makaranta ake yin sa? Wanda ya isa ya matso!"

Babu wanda ya matso. Gorori suka fara faɗuwa ƙasa.

A asibiti ana ɗinke ni Alhaji Inuwa ya shigo a fusace.

"Bilkis, wuce mu tafi gida."

"Abba, dubi hannunsa."

"Na ce wuce!"

"Abba... da a wuyana addar za ta sauka."

Ya dubi naɗin da jini ya jiƙa. Ya daɗe yana dubawa. Mudathir ya yunƙura zai gaishe shi, ya dafe masa kafaɗa.

"Kwanta, yaro. Da wane hannu kake rubutu?"

"Da dama, Abba."

"To ka rubuta jarrabawarka. In kun gama karatu, ka turo magabatanka."

Bilkis ta fashe da kuka, ta kife fuska a gefen gadon. "Ka ji ko, masoyina? Ka ji?"

Nuruddeen ya yi zaman gidan yari. Su kuwa sai da suka gama jami'a aka ɗaura musu aure, kuma ni aka zaunar a sahun gaba, kusa da liman.

Yanzu wasu na cewa wai ba benci ba ne, kujerar roba ce, wai tsufa ke sa ni ƙari. Mai faɗin haka ya zo Tudun Wada ya maimaita a gabana. In ya koma gida da haƙoransa cif, to ƙarya na yi!